Bayan An Ɗaure Jijiya: Gargaɗi Ga Majinyata Da Masu Jinya

Kowace shekara ran 28 ga Yuli ana gangamin yaƙi da ciwon hanta, amma ba a cika yi wa jama'a bayanin abin da ke biyo bayan aikin tsayar da aman jinin da ciwon hanta ke jawowa ba.

Idan hanta ta ƙandare, ko saboda ciwon hanta nau'in B ko tsargiyar hanji, jinin da ke zuwa mata daga hanji sai ya rasa hanya. Dubi ruwan damina in kwalbati ya toshe. Ba ya tsayawa neman izini, sai ya bi lungu, ya cika ƙananan kwatocin da ba don shi aka haƙa ba, ya yi ta cin gindin katanga, ran nan da tsakar dare ta rufto. Haka jijiyoyin maƙoshi da na tumbi ke kumbura har su fashe.

Likita kan zura na'ura mai kyamara ta baki, ya ɗaure jijiyar da zoben roba, in kuwa a tumbi take ya cusa mata wani gam mai daskarewa. Jini ya tsaya, alhamdu lillahi. To, a nan mutanenmu ke yin sake. Zoben nan cikin 'yan kwanaki yake faɗuwa, ya bar gyambo, gyambon kuma yana iya ɓarkewa da jini cikin mako ɗaya ko biyu. Katanga aka tokare, kwalbati yana nan a toshe. Amma sai a sallami mutum yau, jibi 'yan dubiya su shigo masa da tsire. Baya ya yi ciwo, a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, masu ƙara wa gyambo wuta. Ranar komawa a sake ɗauri ta zo, a ce ai ya warke. Kada wanda ya kira wannan tawakkali, sakaci ne, jiki kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Kai mai jinya, ba shi kunu da abinci mai laushi, kada ya yanke maganin da aka rubuta masa, kuma ka riƙa duba bayan gidansa. In ya yi baƙi kamar kwalta, ko jiri ya ɗebi majinyacin, kada ka tsaya jiƙa sassaƙe, kada ka jira gari ya waye, sai asibiti.

Bayan aikin akwai kuma zazzaɓi, ciwon ƙirji, wahalar haɗiya, jefi-jefi gam ya bi jini zuwa huhu ko maƙoshi ya huje. Kowanne aka gani a gaya wa likita.