Darasin Kiwo: Ma'aikatan da Ke Cikin Tumbin Akuya

Darasinmu na wannan wata a kan cikin dabbobi masu tuƙa ne, wato shanu, tumaki da awaki.

Mutum ba ya iya rayuwa da karan dawa, amma saniya tana ci ta ba da nono. Dalili kuwa, cikinta kashi 4 ne, kuma a babban cikinsu, wato tumbi, Allah ya sa ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba na cuta ba ne. Su ne suke ruɓar da ciyawa da kara, su mai da su abin da jiki zai tsotsa. Wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin dabbar daga aikinsu yake fitowa.

Ga inda muke yin hasara. Kirsimeti na matsowa, sai mai gida ya so bunsuru ya yi ƙiba da sauri, ya cika masa kwano da masara rana ɗaya. Ko kuwa akuya ta sami buhu a buɗe bayan girbi. Hatsi mai yawa farat ɗaya yana sa tumbi ya yi tsami ƙwarai, tsamin kuma ya kashe masu narkar da ciyawa. Dabbar ta daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo ya biyo, wani lokaci ta mutu cikin kwana 2 ko 3. Sau da yawa akan zargi maƙwabci da ba da guba, alhali masara ce. Idan za ku ƙara hatsi ko dusa, ku fara da tafin hannu, kuna ƙarawa kaɗan kaɗan har mako 2, kuma ciyawa ta riga shiga ciki.

Da rani, kara kaɗai ba ya isar waɗannan ma'aikata. Ku haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, ko damƙi ɗaya ne, da ruwa isasshe. Ku kuma tsince leda a tsakar gida, gama tumbi ba ya narkar da ita.

Kada a ɗura wa babbar dabba kafson mutane, domin yana iya kashe masu amfanin. Akuyar da ta wuni ba ta tuƙa ba, a janye mata hatsi, a ba ta busasshiyar ciyawa, a kira malamin dabbobi a ranar.