A Auna Ido Kafin a Sayi Tabarau

Kusan kowace kasuwa tamu ba a rasa mai tallar tabarau. Ya baje su a tire, dattijo ya tsuguna ya ɗauki wannan ya saka, ya duba rubutun kwalin ashana, ya ajiye ya ɗauki wancan, har ya dace da wanda harufa suka fito masa raɗau. Ya biya ya kama gabansa, a ganinsa an gama. To, haka mutanen Turai suka yi ta yi shekara ɗaruruwa, kuma barin wannan hanya ne ya haifi sana'ar awon ido.

Tushen ilmin yana wurin malamin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Kafin shi, masana da yawa sun ɗauka haske daga ido yake fita ya sauka a kan abu. A littafinsa Kitabul Manazir ya kawo hujja cewa daga abin hasken ke tasowa ya shiga ido. Shi kuwa tabarau, sai wajen 1286 aka ƙera shi a Italiya. Da injin buga littattafai ya fito wajen 1450, masu karatu suka yawaita, kasuwar tabarau ta buɗe. Sai dai mai sayarwar, gilashi kawai ya sani, bai san ido ba.

Awo na sosai ya jira har ƙarni na 19. A 1851 wani Bajamushe, Helmholtz, ya fito da na'urar leƙa cikin ido, a ga jijiyar gani da hanyoyin jini ba tare da an yanka komai ba. A 1862 likita Snellen na ƙasar Holan ya tsara allon nan da kuke gani a asibiti, babban harafi a sama, sauran suna ƙanƙancewa har ƙasa. Mutum ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya, ya karanta har inda ya gaza. Wanda bai yi boko ba ma da allonsa: da yatsu zai nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Jihar Minnesota ta Amurka ita ta fara yi wa sana'ar awon ido doka a 1901. A Najeriya, Jami'ar Benin ce ta fara koyar da ita, aka kafa hukumar yi wa masu ita rajista a 1989. Karatun shekara 6 ne, yau har a Jami'ar Bayero ta Kano ana yin sa.

Mai awon ido daban, likita mai cire yanar ido daban. Na farkon zai auna, ya rubuta gilashin da ya dace da kowane ido, domin sau da yawa dama da hagu ba ƙarfinsu ɗaya ba, alhali tabarau na tire duka biyun iri ɗaya ne. In ya ga abin da ya fi ƙarfin tabarau, sai ya tura mutum gaba. Nan ne babban amfaninsa. Hawan jinin ido galibi ba ya ciwo. Ta gefe yake cin gani sannu a hankali, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Ciwon sukari ma yakan nuna kansa a cikin ido tun mai shi bai ji komai ba. Mai tire ba zai ga ko ɗaya ba.

Ga kuma yara. Nawa aka kira daƙiƙi aka yi ta zane shi, alhali allon ne ba ya gani daga bayan aji? Masu cewa tabarau yana kashe ido kuma, zance ne kawai.

Saboda haka, duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da mai hawan jinin ido a danginsa, ko ya ga ɗansa yana kanne ido in zai kalli abu daga nesa, ya daure ya je asibiti a auna.