Darasi A Kan Ƙwai Mai Taushin Ɓawo, Da Abin Da Tsaba Ba Ta Iya Yi Wa Kaza

  Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Karaye da Rogo da kewaye, yau za mu ɗan ajiye farashin hatsi mu duba mas'alar ƙwai.

Dalili kuwa shi ne, a bazarar da ta wuce wani mai sarin ƙwai, wanda ke bin ƙauyuka yana tarawa ya kai Kano, ya zauna a rumfata yana kukan asara. Ya ce, "Alhaji, ƙwan yanzu ko kallonsa ka yi sai ya fashe. Kafin mota ta isa birni kiret ya jiƙe." A gidana ma haka ta faru. Uwargida ta sayi kajin gona shida, ni kuwa na ɗauki nauyin abincinsu, kullum sharar rumfa ta dawa da masara, har da dusa. Suka yi ƙiba ƙwarai, suka soma ƙwai. Ba a yi wata biyu ba sai ga ƙwai a akurki ba ɓawo, tantani kaɗai, in ka taɓa ya lotsa. Ɗaya daga cikinsu ta gurfana ta kasa tashi. Maƙwabta suka ce baki ne. Da na bi diddigi wurin masana kiwo sai na tarar bakin nan daga rumfata ya fito.

To, ku sani ɓawon ƙwai kusan dukkansa abu guda ne, sinadarin da masana ke kira kalsiyam haɗe da wani abu. Shi ne a cikin ƙashi, shi ne a cikin ƙumba da katantanwa, shi ne kuma a cikin farin dutsen nan da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Ɓawon ƙwai ɗaya nauyinsa giram 5 zuwa 6 ne, a ciki akwai kalsiyam kamar giram 2. Kaza kuwa ba duk abin da ta ci jikinta ke ɗauka ba, wajen rabi ne, saboda haka mai yin ƙwai kullum tana bukatar kamar giram 4 a yini.

Yanzu ku ɗauko lissafi irin namu na kasuwa. Buhun dawa mai kwano 40, watau kilo 100, kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce giram 40 ba. Kiret ɗaya mai ƙwai 30 yana cin giram 60. Kun ga ke nan buhu sukutum bai isa ya yi wa kiret ɗaya ɓawo ba. Masara ta fi dawa talauci a wannan fanni, gero ma bai tsere musu da nisa ba. Ni mai sayar da hatsi ne, da zan so in ce ku ƙara saye, amma gaskiya ko buhu goma ka zuba wa kaza, ƙiba za ta yi, ɓawo ba zai yi ƙarfi ba. Dusa kuma, wadda muke ganin gata ce, in ta yi yawa tana ma rage wa kaza abin da take ɗauka na kalsiyam.

Wani zai ce, ai iyayenmu sun yi kiwon kaji ba su san wani kalsiyam ba. Haƙiƙa. Amma kazar Hausa ƙwai 10 zuwa 15 take yi ta kwanta, sau uku ko huɗu a shekara, tsakani tana hutawa. Yini take yi kuma tana tono a juji da bayan gida, tana tsintar ƙwari da ɓurɓushin ƙashi da ganye da tsakuwa. Kazar gona, irin ShikaBrown da aka fitar daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, tana iya haura ƙwai 250 a shekara. Ka kawo irin wannan ka kulle ta a ɗaki, ka ba ta abincin kazar Hausa ba tare da tonon kazar Hausa ba, ina za ta samo ɓawo? Kazar gida ma in an tsare ta da damina don kada ta ɓata shuka, haka ke samunta.

Akwai wani abin lura a halittar kaza. Ƙwai yana ɗaukar sa'a 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kamar sa'a 20 daga ciki aikin ɓawo ne, galibinsa kuwa da dare ake yinsa, lokacin da kaza ba ta cin komai. In ba ta da guzuri a ƙundu, sai jikinta ya ranto daga ƙashinta. Yau rance, gobe rance, ba biya. Ku da kuka san yadda bashi ke cinye jari kun san ƙarshen zancen: ɓawo ya yi ta sirancewa, ƙashi ya yi taushi, kaza ta gurfana kamar tamu.

Magani ba shi da wuya. Masu sayar da kayan abincin kaji suna da dakakken farin dutse da ɓawon kawa da garin ƙashi. Wanda ke kusa da kogin Challawa ko madatsar ruwan da aka gama a 1992, in ya sami ƙumba ko katantanwa ya wanke, ya dafa ko ya gasa, ya daka. Ƙashi daga mahauta a ƙone shi har ya yi fari, sa'an nan a daka. Ɓawon ƙwan da masu shayi ke zubarwa kowace safiya, wallahi dukiya ce ake takawa. A shanya shi, a gasa a kasko, a murƙushe shi sosai yadda kaza ba za ta gane ƙwai ne ba, don kada ta koyi fasa nata.

Wajen daka, kada a mai da dutse ko ƙumba gari lilis. A bar wani sashe tsaki-tsaki kamar ƙwayar dawa, domin gari yana wucewa da sauri, tsakin kuwa yana kwana a ƙundu yana narkewa a hankali daidai lokacin da ake gina ɓawo. Shi ya sa ba da shi da la'asar ya fi fa'ida. Kaza ɗaya kamar giram 10 a yini, bai kai cokalin shayi biyu ba. Kaji goma kilo 3 ya kai su wata. A zuba a wani kasko daban kusa da ruwa, mai bukata za ta ci. Kada a cuɗa shi da yawa a abincin 'yan tsaki da 'yan shila, yana ɓata musu ƙoda. Siminti da farar ƙasar shafen ɗaki kuwa, kada a kusantar da su. Wanda ke sayen haɗaɗɗen abinci na kaji masu ƙwai an riga an sa masa, sai dai in ya tsinka shi da dusa don ya yi auki, kamar yadda da yawanmu ke yi. Sa'an nan a bar kaji su sha hantsi, domin ba rana jikinsu ba ya iya amfani da kalsiyam yadda ya kamata.

Amma ba kowane taushin ɓawo ne yunwa ba. Da bazara, in kaza na haki saboda zafi, ɓawo yana sirancewa ko da abinci ya cika. Wannan inuwa da ruwa mai sanyi yake so. Sabuwar kaza mai fara ƙwai takan yi ɗaya ko biyu ba ɓawo, ta daidaita da kanta. Tsohuwa kuwa ƙwanta ya fi girma, ɓawonsa ya fi siranta. Wanda ya fi ban tsoro shi ne in kaji da yawa suka soma a tare, ga tari, ga koren zawo, ga murɗewar wuya, musamman da hunturu. Wannan alamar cutar Niyukasil ce, dutse ba ya maganinta. A ware marasa lafiya, a nemi malamin dabbobi, kada kuma a kwashe su a kai kasuwa a shafa wa kajin mutane. Allurar riga-kafinta ana yin ta a cibiyar Vom ta Jihar Filato, tun kafin hunturu ake nema.

Ku masu sari, kafin ku biya ku haska ƙwai da tocila a inuwa, tsagar da ido bai gani ba za ta fito. Ku ɗan gwara biyu a hankali kusa da kunne, mai tsaga muryarsa a dushe take. Wanda kuka ji yana da kaushi kamar yashi a tsininsa, ko ya yi haske fiye da 'yan'uwansa, ku sayar a gari, kada ku ɗora shi a mota. In kuma gida guda ne kullum ke kawo muku irinsa, ku gaya wa mai gidan ko uwargidan abin da ke cikin wannan takarda. Kajinmu biyar sun daidaita cikin mako biyu, wadda ta gurfana ce kaɗai muka yanka.