DARASI: YADDA AKE ZAƁEN AKWATIN SOKET NA LORI DA TARAKTA

 Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙarfe yake, watau akwatin soket, sufanar nan mai baki kamar ƙoƙo wadda ake kifawa a kan noti a murɗa. Wani zai ce ina ruwan mai shanu da kayan fita? To, a saurara.

Na taɓa loda shanu a Yendi, muka biyo ta Bimbila da Salaga don mu sami fantun a Makango mu ƙetare tafkin Volta zuwa Yeji. Taya ta fashe a daji. Akwai sifiya, akwai jak, amma bakin soket ɗin direba ya riga ya cinye, sai zamewa yake a kan noti. Kafin a samo wani, fantun ya tashi, bijimi guda ya faɗi a cikin mota 'yan'uwansa sun tattake shi, dole aka sa masa wuƙa. Direba ya yi hasarar wuni ɗaya, ni kuwa na yi ta bijimi. Wanda ke lodi daga Bawku a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san mota ba ta tsayuwa da shanu a rana.

Abu na farko, kada yawan ƙarafa ya ruɗe ka. Akwati mai guda ɗari yana da kyaun gani, amma yawancinsu na babur ne da keken ɗinki. Fara da duban notin tayar motar da kake lodi a kanta, shi ne zai gaya maka abin da za ka saya.

A bayan kowane soket akwai rami mai kusurwa huɗu inda hannu ke shiga, kuma da inci ake auna shi. Rabin inci ya isa aikin inji, da famfon ruwan shanu, da yawancin notocin tarakta. Amma notin tayar babbar lori sai mai inci 3/4 ko inci ɗaya cur. Dalili kuwa shi ne, ana ɗaure shi da ƙarfin da ya kai kamar a rataya kilo 60 a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, in tsatsa ta kama shi kuma sai abin ya fi haka. Rabin inci karyewa yake yi.

Sai awon bakin. Manyan lorin Turai irin su Benz, DAF da MAN yawanci notin tayarsu milimita 32 ne, wasu motocin 33. Tsofaffin manyan motocin Japan kuwa 41 ne, da wani noti na ciki mai kusurwa huɗu, 21. Nan fa a yi hattara: notocin gefen hagu na irin waɗannan, ta dama ake kwance su. Yaran mota da yawa sun karya kusa suna zaton kwancewa suke, alhali ƙara ɗaurewa suke yi.

Masu gona su lura, tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 da 165 notocinta na inci ne, ba na milimita ba. Soket mai lamba 13 zai shiga notin rabin inci, amma da ɗan lilo, kuma lilon nan shi ke cinye kan noti. Lamba 19 da inci 3/4 ne suka yi daidai har a iya musanya su. Saboda haka mai tarakta da lori, dole ya ajiye iri biyu.

Leƙa cikin bakin ka ƙirga kusurwa. Mai shida ya fi mai goma sha biyu riƙe tsohon noti, ni shi nake saye. Farin soket mai ƙyalli na aikin hannu ne. Baƙin mai kauri shi ake sa wa injin iska na masu faci. In aka sa farin a wannan inji yana iya tarwatsewa ya ji wa mutum ciwo. Hannu mai ƙaras-ƙaras kuma ba na fasa noti ba ne. A nemi dogon hannu zalla, da ƙarin wuya don tayoyin baya, tunda notocinsu a lungu suke.

Wajen saye, Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Ankara nan ne matattara. Za ka ga Gedore da Elora na Jamus, da King Dick na Ingila, ta wajen Sankasi da ƙasashen Faransanci kuma Facom. Amma suna ba shi da wuyar bugawa a jikin ƙarfe, jabu ya yi yawa. Tafi da fitan da ka amince da shi, ka kuma riƙe noti guda na motar a aljihu ka gwada nan take. In ya yi lilo, ajiye. Tsohon soket na asali wanda bakinsa bai ci ba, a wurina ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Ranar lodi, kafin sa na farko ya hau, ka ce wa direba ya kwance noti ɗaya ya mayar a gabanka. In ya yi fushi, ka ba shi haƙuri da goro, amma dai ya kwance.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba jak da katakon da ake kafa shi a kai. Wassalam.