Rigar Wanka da Rigar Zaman Ɗaki

A ƙasarmu, in mutum ya gama wanka, yakan ɗaura zane ya koma ɗaki. Amma a ƙasashen sanyi kamar Ingila, inda ruwa kan daskare da hunturu, zane kaɗai ba ya isa. Saboda haka suna da wata doguwar riga, a buɗe take ta gaba kamar alkyabba, sai dai tana da hannuwa da aljihu, kuma da ɗamara ake ɗaure ta. Rigar nan iri biyu ce, ko wace da nata aiki.

Ta fari ita ce rigar wanka. Aikinta shan ruwan jiki, don haka da auduga aka fi yin ta, irin wadda manomanmu ke nomawa wajen Funtuwa da Gusau. Zaren auduga yana shan ruwa ƙwarai. Ba a yi mata saƙa irin ta zane, sai irin ta tawul. Ku dubi tawul da kyau, za ku ga zarensa ya yi tsaye kamar 'yan ƙananan zobba. Ko wane zobe yana ɗibar nasa ruwan, shi ya sa tawul ya fi zane saurin busar da jiki.

Masaƙan Turkiyya su suka yi suna da wannan saƙa. Wani Bature mai suna Henry Christy ya gan ta a birnin Santambul, ya kai samfurinta gida. A shekarar 1851 aka nuna tawul ɗin da aka saƙa da inji a wani babban baje koli a Landan, har Sarauniya Biktoriya ta yi sha'awarsa.

Ta biyu ita ce rigar zaman ɗaki. Ita kuwa ba ruwanta da ruwa. A kan kayan barci ake sa ta, da safe ko da dare. Ta lokacin sanyi da ulu ake yi, watau gashin tumaki, gama yana riƙe ɗumin jiki. Ta lokacin zafi kuwa da alharini ko auduga marar nauyi.

Yanzu akwai yadin da ake yi daga man fetur, kamar nailan. Yana saurin bushewa, amma ba ya shan ruwa sosai. Ku gwada da kanku. Ku samo ƙyallen auduga da na nailan, ku ɗiga wa ko wane ruwa cokali guda, ku ga wanda zai shanye.

To, ga abu biyu da za ku kiyaye. Na ɗaya, kada ku matsa kusa da wuta da tufa mai faɗi. Auduga nan da nan take kamawa, nailan kuwa narkewa yake ya manne a fata. Na biyu, ku shanya tawul a rana bayan wanka, kada kuma ku yi aron na wani, domin ta haka makero kan bi yara.

Tambayoyi
1. Don me ake yin rigar wanka da auduga?
2. Mene ne amfanin zobban tawul?
3. Wace cuta ake ɗauka ta aron tawul?