Yaya Ake Zane a Kan Ƙarfe da Ruwan Asid?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya, yaya ake yin zane a jikin farantin ƙarfe da ruwan asid?

To Malam, da farko ana goge farantin jan ƙarfe ya yi sumul, a shafe shi da haɗin kakin zuma da kwalta da ƙaro. Sai mai zane ya ɗauki allura yana kartar kakin, duk inda ta bi ƙarfen ya fito fili. Idan aka tsoma farantin cikin asid, waɗannan layukan kaɗai yake ci. Gwanintar tana wajen lokaci: layin da ya daɗe a ciki ya fi zurfi, ya fi riƙe tawada, ya kuma fi baƙi idan aka shafa wa farantin tawada aka danna shi kan takarda mai danshi.

Maƙeran sulke a Turai sun riga sun yi amfani da wannan ado, kafin Daniel Hopfer na Jamus ya buga hotuna da shi wajajen 1500. Rembrandt na Holan ya shahara da shi.

Don Allah a kula, wajen sirka asid, shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma hayaƙinsa yana illata huhu.