Koci, Kada Son Nasara Ya Karya Maka Yara

Masu horar da ƙungiyoyin unguwa a Fagge da Sabon Gari, da ku kyaftin-kyaftin, ga shawara. Son cin wasa abu ne mai kyau, amma dagewa kan lallai kada yaro ya yi kuskure ko ɗaya yana rusa ƙungiya. Yaron da aka zaga a bainar jama'a don ya ɓarar da fenareti, gobe za ka gan shi yana laɓewa bayan ɗan wasan hamayya don kada a miƙo masa ƙwallo.

Dubi Kano Pillars: ta lashe gasar Najeriya a 2012, 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta kuma dawo a 2023. Manya ma suna tuntuɓe.

Don haka:

1. Bari gyara sai washegari a wajen atisaye, bayan rai ya huce.
2. Ja yaro gefe, nuna masa kuskure ɗaya kawai, tare da abin da ya yi daidai.
3. Wanda ya ji rauni ya huta, ko da wasan ƙarshe ne.
4. Raba aiki da mataimakinka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.